Yadda Raimi Ya Saita Babur Ɗin Surukinsa

A garin Iwo, a shekarun da koko ke da daraja, an yi wani mutum ana ce masa Raimi Ajadi. Sana'arsa gyaran risho da fitila da tocila, a gindin wani mangwaro kusa da tasha. Amma in ka kuskura ka ce masa mai gyaran risho, ranar sai kunnenka ya gaya maka. Injiniya yake so a kira shi. Hujjarsa ita ce ya taɓa yin wata huɗu a Ikko yana gadin ƙofar wani garejin motoci, kuma a faɗarsa duk ilimin da ke garejin nan ta gabansa yake wucewa, safe da yamma.

Surukinsa, Baba Salawu, tsohon ma'aikacin duba koko ne. Shekara talatin ya yi yana zaga ƙauyuka a kan wani baƙin babur ɗan Ingila mai silinda ɗaya, mai nauyin bijimi, wanda in ya taso daga bakin kogi ana jin dum-dum ɗinsa tun daga kasuwa. Da ya yi ritaya sai ya jingine shi a baranda ya lulluɓe da tabarma, har shekara tara. Sai ga ƙungiyar manoman koko ta sa ranar bikin cikarta shekara ashirin da biyar, ta ce za ta karrama Baba ranar Asabar a filin makaranta. Tsoho ya rantse shi ba zai shiga filin nan a ƙasa ba, kuma ba a motar kowa ba. A kan babur ɗinsa zai shiga.

Ranar Litinin aka kira Sumonu makanike, wani ɗan gajeren mutum da ba ya son yawan magana, wanda na ƙasa da shi ke ce wa Boda, wato yaya. Ya duba wuta, ya duba inji, ya shinshina tanki, ya miƙe.

"Baba, injin lafiyarsa ƙalau. Kafireto ne. Tsohon mai ya daskare a ciki kamar danƙo. Sai an jiƙa shi, an sayo allurarsa da 'yan tarkace daga Ibadan. A ba ni mako biyu."

Daidai lokacin Raimi ya zo gaisuwa, yana kwance rub da ciki a gaban surukinsa, bisa al'adar garin. Tun daga ƙasan ya tuntsire da dariya.

"Mako biyu? Boda Sumonu, kafireton za ka gyara ko gida za ka gina masa?"

"Ka taɓa buɗe irinsa?" in ji Sumonu.

"Mene ne kafireto in ba risho ba? Mai ya shiga, iska ta shiga, wuta ta kama. Risho nawa na tayar daga mutuwa a garin nan? Baba, a ba ni kwana biyu. Ɗayan ma na hutawa ne."

Baba Salawu ya daɗe yana kallonsa. Ya san halin mijin 'yarsa sarai, amma Asabar ta fi mako biyu kusa.

"To, Raimi. Ka ga shagon ƙofar gidan nan da tela ya bari? In na shiga filin nan a kan babur ɗina, naka ne."

Sumonu ya goge hannunsa da tsumma ya yi tafiyarsa. Raimi kuwa kafin ya isa gida ya riga ya tsaya wurin mai rubutun allo, ya ce a shirya fenti, za a rubuta INJINIYA AJADI, IKKO DA IWO.

Da safiyar Talata aka turo babur tsakar gidan da su Raimi ke haya. Raimi ya ɗauko babban tiren matarsa Simbiyatu, ya ajiye a ƙasa, ya jera sifana da filaya da sukundireba.

"Baban Latifa," in ji Simbi, "tiren aurena ne fa wannan."

"Yau ya samu ɗaukaka. Matsa, kina tare mini haske."

Ya kwance kafireto daga jikin inji da ƙyar, ya ɗaga shi sama don maƙwabta su gani. Sannan ya murɗe murfin saman. Bai san akwai sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar nan mai tsalle, a danne a ciki ba. Abu ya yi tsalle fiiit, ya gifta ta gefen kunnensa, ya haye katanga.

Bayan katangar nan kuwa rumfar Iya Wule ce, mai sayar da amala, mace mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Raimi na rarrafe yana nema a cikin ciyawa sai aka ji wani direba ya ƙwalla ƙara a rumfar. Ba a jima ba ga Iya Wule ta shigo, ludayi a hannu ɗaya, sifirin a ɗayan, yana ɗigar miyar ewedu, ya lanƙwashe inda haƙori ya kama shi.

"Wane ɗan albarka ne ya ƙara mini nama a miya?"

"Iya, ki yi hankali da shi, daga Ingila ya zo."

"Haƙorin mutumin nan kuma daga cikin uwarsa ya zo! Shekara ashirin ina tuƙa amala ba a taɓa samun ko tsakuwa ba, yau an samu ƙarfe. In ka sake jefo wani abu, kai zan jefa a tukunyar."

Da ta fita Raimi ya juya sifirin, ya taɓe baki, ya ce dama ya yi tauri da yawa. Ya ciro wani ɗan laushi daga gindin tsohuwar tocila ya ajiye a madadinsa.

Daga nan ya shiga cikin kafireton sosai. A ƙoƙon da mai ke taruwa ya tarar da wani ɗan gwangwanin tagulla, rufe ruf ta ko'ina. Ya girgiza shi a kunne, shiru. Ya hura, babu ƙofa.

"Simbi! Zo ki ga sakacin Bature. Sun manta ba su huda shi ba. Ta ina mai zai shiga? Shekara talatin Baba na yawo da abu marar ƙofa."

"Kuma shekara talatin yana kai shi inda za shi," in ji Simbi.

"Da ikon Allah ne kawai."

Ya sa ƙusa ya huda shi. Ya ga wani ɗan hancin tagulla mai hudar da ba ta fi ta allura ba, inda mai ke fita, ya ce wannan rowa ce, ya sa tsinken risho ya faɗaɗa ta, sannan ya bi da ƙusa. Sauran jikin ya dafa shi a tukunyar miya da lemun tsami da sabulu. Kwana uku duk abin da aka dafa a gidan nan sai ya yi warin tasha.

Ranar Laraba ya harhaɗa. Da ya gama, sai ga abubuwa sun yi saura a tire, har da ragar da ke tace iska a bakin kafireton.

"Waɗannan fa?" in ji Simbi.

"Gyara ce. Bature in ya sayar maka da abu yakan ƙara maka gyara, kamar mai ƙosai. Ragar nan kuma ita ke hana shi numfashi. Ke za ki iya gudu da gyale a baki?"

Ya cika tanki, ya buɗe famfon mai. Mai ya gangara, ya cika ƙoƙo, ya cika gwangwanin da aka huda, ya ci gaba da zuwa. Ya fara tsiyaya ta ƙasa, ta gefe, ta baki, kamar an buɗe famfon unguwa. Raimi ya yi wuf zai rufe, hannun famfon ya cije. Ya sa filaya ya murɗa da ƙarfi, hannun ya karye ya bar famfo a buɗe. Babu yadda zai yi, sai ya fizge robar mai ya toshe bakinta da babban yatsa.

Nan ya tsaya a durƙushe. In ya saki, fetur ya malale tsakar gida, ga murhun Iya Wule na ci bayan katanga. Aka kira azahar yana nan. Ƙuda ya sauka masa a hanci, ya rasa hannun kora. Masu zuwa masallaci suka riƙa leƙowa.

"Injiniya, ba za a je salla ba?"

"Ina auna bugun mai. Ku yi mini addu'a kawai."

Sumonu ya biyo ta wurin a hanyarsa ta dawowa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli tafkin fetur, ya kalli Raimi.

"Ka huda gwangwanin, ko?"

"Wa ya gaya maka?"

"Babu. Aikinsa ya yi yawo a kan mai, in ƙoƙo ya cika ya taso ya rufe hanya. Abin da aka huda kuwa nutsewa yake yi."

"Na sani mana! Gwada shi nake yi in ga ko zai nutse."

"To, ya nutse?"

"Boda Sumonu, in ba aiki gare ka ba, miƙo mini bahon can."

Sumonu ya miƙa masa baho aka juye man. Ya ce, "Ka kawo mini shi yau, ko daddafe ne in yi masa ya kai Asabar." Raimi ya ce shi bai saba raba aikinsa da yara ba, alhali Sumonu ya girme shi da shekara goma.

Liƙi dai sana'ar Raimi ce, don haka ya narka dalma ya toshe hudar gwangwanin. Sai dai ya zuba ta da hannun kyauta, har gwangwanin ya yi nauyin dutsen guga. Wayar totur kuma ya ga ta tsufa ta fara warwarewa, sai ya cire ta wani ɗan hannu da ke gefen hagu, wanda bai ga amfaninsa ba, ya musanya.

Ranar Alhamis da hantsi aka zo tayarwa. Unguwa ta taru. Raimi ya naɗe ƙafar wando, ya hau, ya ce kowa ya matsa. Ya taka kik sau ɗaya, shiru. Sau goma, shiru. Sau talatin, gumi ya jiƙa shi har cinya. A na talatin da ɗaya ya ɗaga jikinsa duka ya sauke. Injin ya yi tari, kik ya dawo da ƙarfinsa, ya cilla Injiniya sama. Ya sauka a zaune cikin garin doyar da Iya Wule ta shanya a tabarma. Ya tashi fari fat, idanu kawai ake gani.

"Jiya miya, yau gari!" in ji Iya Wule. "Gobe sai ka zo ka kwanta a faranti a kai wa direbobi."

"Kun ji ya yi magana ai," in ji Raimi yana ɗingishi. "Babur mai rai ne ke harbi."

Ya sake takawa. Wannan karon salansa ta yi wata ƙara, tau, kamar bindigar maharba. Awaki suka tsinke igiya, wata tsohuwa ta zubar da tulunta ta shiga salati, kaji suka hau rufi. Harshen wuta ya fito ta bakin kafireto ya lashe rabin gashin bakin Raimi, na ɓangaren dama. Amma injin ya kama. Ya yi ruri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan har ba ka ganin na kusa da kai.

Raimi ya fito daga cikin hayaƙin yana tari yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Matsala ɗaya ce, da ya sassauta totur sai inji ya mutu. Ya nemo ɗan sukurin da ke riƙe inji a hankali, ya ɗaure shi har ƙarshe, har ya daina juyawa. Daga nan babur ya daina mutuwa. Ya kuma daina sanin wani abu wai shi a hankali.

"Baban Latifa," in ji Simbi ranar Juma'a, ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu, "ubana ɗaya ne a duniya. Shekararsa saba'in da takwas. In za a hau abin nan gobe, da kai za a hau."

"Dama ai tsarin ke nan. Kafireto a kan tafiya ake ƙarasa saita shi. Baba na tuƙi, ni ina baya da sukundireba."

Bai gaya mata cewa shi bai taɓa hawa babur ba a rayuwarsa, ko a gaba ko a baya.

Asabar ta yi. Filin makaranta ya cika maƙil. An kafa rumfuna, manoma sun sha manyan riguna, mata sun kafa ɗaurin kai kamar za su taɓo sama, masu kalangu na zuba kirari. Shugaban ƙungiya na zaune a tsakiyar babban tebur, mai gabatarwa na riƙe da makirfo mai doguwar waya. A bakin ƙofar filin Baba Salawu ya tattare rigarsa ya hau. Taku ɗaya ya yi, irin na wanda ya san abinsa, inji ya kama. Tsoho ya karkata kai yana saurare.

"Raimi, me ya sa yake kuka haka?"

"Murna ce, Baba. Shekara tara bai gan ku a kansa ba."

Raimi ya hau baya cikin sabuwar babbar rigarsa ruwan bula, ya aske sauran gashin bakin don a yi daidai. Baba ya sa giya, ya murɗa totur kaɗan. Babur ya zabura. Baba ya saki totur. Sifirin tocila bai da ƙarfin mayar da komai, totur ya tsaya a buɗe.

Suka shiga fili kamar an harbo su. Jama'a suka miƙe da tafi, masu kalangu suka ƙara wuta. Baba ya taka birki, birkin shekara tara ya yi ƙiii ya ƙyale su. Ba shi da zaɓi, sai ya kwantar da babur ya bi da'irar da 'yan makaranta ke tsere.

"Ku dube shi!" in ji mai gabatarwa. "Saba'in da takwas! Samarin yanzu ku ji kunya!"

Sukundireba ta faɗi tun a zagayen farko, don Raimi ya rungume surukinsa da hannu biyu ya rufe ido. Babur irin na da ne, ba shi da makullin kashewa. Mai gabatarwa kuwa ya ga ya kamata a ji ta bakin babban baƙo, sai ya matso bakin hanya ya miƙa makirfo duk lokacin da suka zo wucewa. Ta haka duk filin ya ji abin da ake faɗa a kan babur ɗin.

Zagaye na uku, muryar Baba ta fito a lasifika: "Rufe famfon mai!"

Na huɗu, muryar Raimi: "Na karya shi tun Laraba!"

Tafi ya fara raguwa.

Na biyar: "Ina wayar hannun kashe inji?"

Na shida: "Ita ce a totur, Baba!"

Na bakwai: "Uban me suka koya maka a Ikko?"

Na takwas, da kuka sosai: "Gadi na yi, Baba! Ƙofa kawai nake buɗewa! Simbi, ki yafe mini tirenki!"

Fili ya kaure. Wasu na dariya har suna faɗuwa daga benci, wasu na salati. Simbi ta cire ɗaurin kanta ta ɗaure ƙugu tana bin su da gudu tana kiran ubanta. Sumonu ya yanko ta tsakiyar fili yana ihu, karo na farko da aka taɓa jin muryarsa ta tashi: "A toshe masa baki! Bakin kafireton!" Iya Wule ta ce, "A fara da na bayan!" Masu kalangu dai ba su tsaya ba, don babu wanda ya ce su tsaya.

A zagaye na goma sha ɗaya Baba ya fara gajiya. A kwanar ƙarshe babur ya kwanta har takalminsa ya kwashi ƙasa, mata suka ɗora hannu a ka. Raimi ya zame gefe ɗaya, hannun babbar rigarsa ya sauko yana kaɗawa daidai bakin kafireto, wanda ba shi da raga. Kafireto ya zuƙe shi ɗuf. Inji ya shaƙe, ya yi tari biyu, ya yi shiru. Babur ya gangara a hankali, a hankali, ya tsaya daidai gaban teburin shugaba, kamar da gangan.

Baba Salawu ya sauke ƙafa ɗaya, ya sauke ɗayar. Simbi ta iso tana haki ta kama shi. Kafaɗunsa na girgiza, ta ɗauka kuka yake yi. Ashe dariya ce ta hana shi magana, har hawaye na bin gemunsa.

"Simbi, kin ga kwanar nan? Kin ga yadda na kwantar da shi? Rabona da jin jinina ya yi gudu haka tun kafin a haife ki."

Raimi ya ji haka sai ransa ya dawo. Ya yunƙura zai sauka, riga ta riƙe shi. Ya ja, ta ƙi. Dole ya zare jikinsa daga cikinta, ya tsaya gaban manyan gari daga shi sai singileti. Ya gyara murya.

"Baba, kun dai shigo a kan babur ɗinku. Maganar shago..."

"Na shigo," in ji Baba yana share ido. "Saura kaɗan in wuce lahira a kansa. Shago na Simbi ne, ta zuba atamfofinta, ladan haƙurin zama da kai. Kai kuma kama babur ɗin nan. Ka tura shi da hannunka har ƙofar Sumonu, ta cikin kasuwa, ba ta bayan gari ba."

Haka aka yi. Rana tsaka, hanya tudu, babur mai nauyin bijimi, riga ruwan bula na reto a bakinsa, rabin 'yan biki na biye da kalangu. Da suka iso, Raimi ya jingine shi yana numfashi sama-sama, ya dubi jama'a, ya dubi Sumonu.

"Boda, ga shi nan. Babban aikin na riga na gama, saura 'yan goge-goge."

Sumonu ya durƙusa. Ya kalli dalmar, ya kalli karyayyen famfo, ya taɓa wayar totur. Sannan ya kama rigar ya zaro ta a hankali, ya ɗaga ta sama, hannunta ya yi baƙi ƙirin yana ɗigar fetur.

"Duk cikin abin da ka sa wa babur ɗin nan," in ji shi, "wannan kaɗai ce ta shiga daidai."

Raimi ya karɓi rigarsa, ya saɓa a kafaɗa, ya juya ga jama'a yana buga ƙirji.

"To, kun dai ji da bakinsa."